Injiniyan Ruwa da Bangon Ɗakin Inna

Ya 'yan uwa, a wani gari an yi wani mutum, injiniya ne a hukumar ruwa. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi garin ba, don yana da 'ya'ya, kuma 'ya'yan ba su yi wa kowa laifi ba. Kowa Injiniya yake ce masa, har mahaifiyarsa in tana son tsokanarsa. Mu ma haka za mu kira shi.

Mutumin nan ba da sata ya tashi ba. Yana sallah, yana gaida maƙwabta, albashinsa yake ci. Da za ka tambayi abokan aikinsa a lokacin, da sun ce maka in ana neman mai gaskiya a ofishin nan, to a fara da shi. Na faɗi wannan ne don kada wani ya gyara zama a nan yana cewa ai labarin ɓarayi ne, bai shafe shi ba.

Garin nasu ya daɗe yana fama da wahalar ruwa. Famfunan da ke akwai sun tsufa, in ka murɗa sai su yi maka tari su yi shiru. Mata da yara kullum suna kan hanya da bokitai da jarkoki. Sai gwamnati ta je ta ciyo bashi daga bankin gwamnatin wata ƙasa mai nisa, don a janyo ruwa daga madatsa a shigo da shi gari ta manyan bututai, irin waɗanda ƙaramin yaro zai iya rarrafe a cikinsu.

Bankin nan kuwa ba ya zube kuɗi gaba ɗaya, kashi-kashi yake saki. A shimfiɗa bututu daga nan zuwa can, a gwada shi, wakilinsu ya gani da idonsa, sannan a saki kashi na gaba. Gwajin nan shi ne aikin Injiniya.

Bari in gaya muku yadda ake yinsa, don duk labarin a nan yake. In an jera bututai a rami an harhaɗa su, ba a rufe mahaɗansu da ƙasa tukuna. Sai a toshe bakin nan da bakin can, a cika su da ruwa, a sa inji ya matsa ruwan fiye da yadda zai taɓa matsuwa in an fara aiki. A jikin bututun akwai agogon awo mai tsinke guda. Sai a kashe inji, a zauna a zuba wa tsinken ido. In ya tsaya cak, bututu lafiya lau, a kawo ƙasa a binne. In ya fara sauka, to akwai inda yake yoyo, sai an bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya an gano wurin, an kwance, an sake ɗaurawa. Wannan aiki ne mai cin makonni.

Tsakanin agogon da bututun akwai wani ɗan bawul, bai fi babban yatsa ba. An sa shi ne don in za a cire agogon a rufe, kada ruwa ya feso wa mutum a fuska. Amma in aka rufe shi bayan tsinke ya hau, agogon ya daina jin abin da ke faruwa a cikin bututu. Ko ruwan duka ya tsiyaye, tsinke yana nan inda aka bar shi.

Mahaifiyar Injiniya, wadda suke kira Inna, tana zaune a tsohon gidansu cikin gari. Ta yi shekaru tana ɗaukar ruwa a ka har wuyanta ya riƙe, ba ta iya waiwaye sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya. Da ya ba ta labarin aikin, kanta ya ɗaure. Ta tambaye shi ko mutanen can sun taɓa zuwa garin, ya ce a'a. Ko suna da dangi a nan, ya ce babu.

"To don Allah suka ba mu?"

"Bashi ne, Inna. Za a biya."

"Ni dai ban gane ba," in ji ta. "Mutum bai san ka ba ya ba ka bashi, kai kuma ka haƙa rami ka binne. Amma in dai zan murɗa famfo a ɗakina kafin in mutu, ku je ku yi ta binnewa."

Ya yi dariya, ya yi mata alkawarin ɗaki mai famfonsa. Yana da fili a bakin gari daf da inda bututun zai bi, don ya riga kowa sanin hanyar, ya saya tun yana da araha. Abin da ba shi da shi kawai shi ne abin ginawa.

Aiki ya yi nisa, ya kuma yi jinkiri. Wata rana aka gwada wani yanki, tsinke ya fara sauka a hankali, ga wakilin banki yana hanya. Daraktan hukumar yana ta bugo waya. Ɗan kwangila yana tsaye a bakin rami yana rantsuwa cewa in ba a saki kashi na gaba ba leburori za su watse, aiki ya tsaya, gari ya koma bokiti. Injiniya ya dubi tsinke, ya dubi ramin da ya miƙe har inda ido ba ya kaiwa. Ya sa aka sake tayar da inji, tsinke ya hau, sai ya sunkuya kamar zai gyara takalminsa, ya rufe ɗan bawul ɗin.

Ya gaya wa zuciyarsa cewa in baƙo ya tafi zai dawo ya yi gwajin gaskiya. Wakili ya zo da tafintansa, ya zauna, ya jira, ya ɗauki hoton agogo, ya miƙa wa Injiniya hannu. Kafin Injiniya ya waiwayo wurin, katafila ta rufe ramin ta bi ta kansa ta daddanne. Ai ya sa hannu cewa lafiya, wa zai bar rami a buɗe?

Ba a jima ba ya je filinsa ya tarar da tifar yashi. Ya tambayi direba wa ya aiko, direba ya ce shi dai an ce ya sauke. Bayan yashi bulo ya biyo, bayan bulo rodi, bayan rodi siminti. Bai roƙa ba, bai kuma mayar ba. Ya 'yan uwa, wa ya taɓa ganin siminti ya yi ɓatan hanya? Amma haka mutumin nan ya riƙa ce wa kansa shi bai karɓi komai daga hannun kowa ba.

Akwai shugaban leburori, wani mai suna Dogo a bakin kowa saboda tsayinsa. Dogo ya ga sunkuyawar nan ta farko, ya ga ta biyu. Daga baya sai ya ɗauke wa ogansa wahala. Kafin Injiniya ya iso, tsinke ya hau, bawul a rufe, kujera a goge. Ba su taɓa yin maganar ba ko da wasa. Injiniya ya ji daɗin wannan ƙwarai, don yanzu hannunsa ba ya taɓa komai, abin da idonsa ya gani kawai yake sa wa hannu. Har ya koya wa idon nasa kada ya sauka ƙasa da agogo.

Gini ya tashi. Doka ta ce a bar tazara tsakanin kowane gini da layin babban bututu, amma filin ya yi masa kaɗan, sai ya cinye tazarar ya fitar da ɗakin Inna da banɗakinsa. Bangon baya ya zauna kusan a kan layin. Wanda ya kamata ya hana shi ne mai ginin, don haka babu wanda ya hana.

Da aiki ya iso yankin bayan gidansa, sai Injiniya ya tuna shi injiniya ne. Ya ce wannan kam gwajin gaskiya za a yi masa. Ya zo da wuri, ya duba bawul ɗin, ya buɗe shi da hannunsa, ya tsaya har tsinke ya hau aka kashe inji. Sai aka kira shi a waya cewa motar wakili ta kasa gane kwanar, ya fita titi ya tarye su. Suka dawo tare suka zauna. Tsinke bai motsa ba. Injiniya ya zuba masa ido har idon ya yi ruwa, tsinke yana nan cak. Ya yi hamdala a ransa, ya ce ashe ɗan kwangilar nan ya iya aiki in ya ga dama.

Aka saki ruwa, gari ya yi murna. Inna ta tare a ɗakinta. Ta murɗa famfo ta kashe, ta sake murɗawa ta kashe, jikoki suna mata dariya. Ta sa masa albarka har ya ji nauyi ya fita tsakar gida.

Watanni suka shuɗe. Ana tsakiyar rani, ko ɗigon ruwan sama babu, sai matarsa ta lura gindin bangon ɗakin Inna ya yi duhu. Fenti ya fara kumbura yana ɓarewa. Ƙofar ɗakin ta daina rufuwa sai an sa mata kafaɗa. A bayan gida ciyawa ta fito kore shar, awakin unguwa suka mai da wurin wajen kiwo.

Ya kira mai gyaran famfo, aka fasa tayil ɗin banɗaki, ba a ga komai ba. Ya ɗora wa maƙwabcinsa laifi cewa ramin masansa ne ke tsatsowa, suka yi cacar baki har aka shiga tsakani, aka buɗe ramin aka tarar ba shi ba ne. Wani magini ya ce ƙasar wurin ce, wani ya ce simintin ne. Wata gwaggon matarsa ta ce idon mutane ne, sabon gida ba ya rasa mahassada. Kowa ya kawo tasa, Injiniya yana gyaɗa wa kowa kai.

Inna kuwa ko a jikinta. "Ku bar min ɗakina," in ji ta, "ya fi na kowa sanyi. Ɗana injiniyan ruwa ne, ai dole ruwa ya biyo shi gida."

Sai Injiniya ya rufe ruwan gidan gaba ɗaya, suka koma amfani da duro na wasu kwanaki. Danshi bai fasa hawa ba. Wani siririn tsagu ya fito daga kusurwar taga ya nufi ƙasa.

Ɗalibin da ya fara karatun aikin ruwa jiya zai gaya maka abin da wannan ke nufi. In an rufe ruwan gida kuma bango yana ci gaba da jiƙewa, to ruwan ba na gidan ba ne. Injiniya ya san haka sarai, amma kansa ya ƙi ɗauka. Ko'ina a garin nan bututu zai iya yoyo, ya yarda, amma ban da nan. Nan da hannunsa ya buɗe bawul, da idonsa ya ga tsinke.

Daga nan ya shiga ruɗu. A ofis a tambaye shi abu ya ba da amsar wani. A sallah ya rasa ko raka'a ta nawa yake. Ya zauna ya yi ta ƙoƙarin tuna ranar gwajin, sai ranakun duk su cakuɗe masa, don agogo ɗaya ne, kujera ɗaya ce, wakili ɗaya ne da hularsa. Anya yankin gidansa ne ya buɗe wa bawul, ko wanda ke gabansa? Anya ya buɗe ɗin ma, ko niyya kawai ya yi? In buɗewa ya yi, ta ina ruwan ke fitowa? In bai buɗe ba, me ya sa yake tuna sanyin ƙarfen a yatsunsa? Mutumin da ya ruɗi banki guda ya zo ya kasa sanin abin da hannunsa ya yi.

Da abin ya ishe shi, ya tafi neman Dogo. Ya same shi a can ƙarshen aiki, inda ake shirin hawa da bututu zuwa unguwannin kan tudu. Ya ja shi gefe bayan tarin bututai.

"Dogo, ranar da muka gwada layin bayan gidana, ka taɓa bawul ɗin nan?"

Wannan ne karo na farko da sunan abin ya fito daga bakin ɗayansu. Dogo ya waiga hagu da dama kafin ya amsa.

"Ranka ya daɗe, ai na tarar an manta shi a buɗe, tsinke har ya fara sauka. Na ce layin gidan Oga ne, ba za a ji kunya a nan ba. Kafin ka dawo da baƙo na sake tayar da inji na gyara."

"Wa ya ce ka rufe?"

Dogo ya dube shi da mamaki. "Wa ya taɓa ce min in rufe, ranka ya daɗe? Ai yadda muke yi ne."

Injiniya ya so ya zage shi, ya rasa da wane baki.

Yanzu dai ya sani, kuma ya san magani. A je mararraba a rufe babban bawul, a haƙa bayan gidansa, a gyara mahaɗar. Amma rufe babban bawul yana nufin rabin gari ya rasa ruwa, kuma kowa zai tambayi dalili. Ga tawagar banki ta sauka a garin don dubawar ƙarshe kafin a saki kashin da zai kai ruwa kan tudu. In suka ji mahaɗa tana yoyo a yankin da aka ce an gwada, za su ce a sake gwada sauran. Shi kuwa ya san abin da za a tarar.

Ya kwana yana saƙawa yana kwancewa. Ya yanke zai gaya wa Darakta, ya je har ƙofar ofishinsa, ya ji ana dariya a ciki da baƙi, ya juyo. Ya ce bari baƙi su tafi tukuna. Kun lura? Maganar da ya yi wa kansa ranar farko ita ya sake yi.

Ya sa aka tokare bangon da katakai ta waje, ya ce wa matarsa na ɗan lokaci ne. Sannan ya shiga wurin Inna ya durƙusa, ya roƙe ta ta koma ɗakin yara. Ta tambayi dalili, ya ce za a yi fenti. Ta ce fenti ya jira. Ya ce danshin zai taɓa mata ƙirji. Ta ce ta shekara nawa ruwa yana zuba mata a ka bai kashe ta ba. Ta dube shi da kyau, irin kallon da uwa take yi wa ɗan da ta san lokacin da yake ɓoye hannu a baya.

"Akwai abin da ba ka gaya min ba?"

"Babu, Inna."

Kalma kaɗan ce tsakaninsa da fitar da ita daga ɗakin nan. Abin da ya rage kawai shi ne ya ce mata ƙasan ɗakin ya zama rami, kuma shi ya jawo. Da ta tashi ko ba takalmi. Amma ya kalli matar da ta sa masa albarka a kan famfon nan, kunya ta danne masa harshe. Da ƙyar matarsa ta lallaɓa ta, ta yarda za ta riƙa kwana a ɗakin yara, amma da rana tana ɗakinta, a nan take alwala, a nan take sallah. Injiniya ya yi ajiyar zuciya kamar an gaya masa bango sai mutane sun yi barci yake faɗuwa.

Ranar dubawa aka taru a gidan injin ruwa. An sake fenti, an jera kujeru, injina suna ta ruri har mutum sai ya ɗaga murya. Darakta yana son baƙi su ga ruwa yana fesowa da ƙarfi a famfunan ƙarshen layi, don haka ya ce a tayar da injinan da ke hutawa su ma. Injiniya kuwa ya san abin da ƙarin matsi yake yi wa mahaɗar da ta riga ta buɗe baki.

Wakilin banki ya yi magana, tafinta ya juya: yana tambaya ko bututun zai ɗauki wannan ƙarfin. Darakta ya nuna Injiniya da hannu yana murmushi, kowa ya juyo gare shi.

Ya ji kamar ba da shi ake ba. Yana ganin bakin tafinta yana motsi, yana jin rurin inji, yana ƙoƙarin tuna ko an kira azahar, ko Inna tana falo da yara, ko ta shiga ɗaki. Wata zuciyar ta ce masa ya ce a kashe. Wata ta ce ai an tokare da katako. Ya buɗe baki bai san abin da zai fito ba.

"An gwada shi da abin da ya fi haka," in ji shi.

Aka tafa, aka tayar da injinan. Ya zaro waya zai kira matarsa ya ce ta fito da Inna, sai Darakta ya kamo hannunsa a zo a ɗauki hoto. Ya mayar da wayar aljihu. Daga hoto aka ce ya yi wa baƙi bayanin taswirar layi. Yana cikin bayani wayar ta fara rawa a aljihunsa, ta yanke, ta sake farawa, ta yanke, ta sake farawa. Bai ɗauka ba sai da ya kai ƙarshen taswira.

Da ya isa gida, layinsu ya zama kogi. Mahaɗar ta ɓalle gaba ɗaya, ƙasar da ruwa ya daɗe yana ci ta rufta, bangon baya ya tafi da rufin ɗakin. Maƙwabta suna cikin laka har gwiwa suna tono da shebur da hannu, har da wanda ya yi wa sharrin ramin masai. Suka sami Inna a gindin famfonta, ta naɗe hannun riga, ta fara alwala. Rai ya riga ya yi halinsa.

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon bayani. An haƙa, an gani, an sake gwada sauran yankunan da bawul a buɗe, tsinke ya yi ta sauka kusan ko'ina. Banki ya riƙe kashin ƙarshe. Mutanen kan tudu suka ci gaba da bokiti, bututansu na jibge a rana. Bashin da aka riga aka ci kuwa yana nan a wuyan ƙasa, wanda ya sha ruwan da wanda bai sha ba duk za su biya. Ɗan kwangila ya ce shi aikinsa shimfiɗawa, gwaji na hukuma ne. Dogo ya ce shi lebura ne, abin da ya ga ana yi ya yi. Aka kori Injiniya, aka kai shi gaban shari'a, aka rufe abin da ya rage na gidan.

Amma ba alƙali ne ya gama da shi ba. Bayan an watse daga zaman makoki, matarsa ta same shi zaune a kan wani bulo a tsakar gida. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban yara, tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da ka sa na lallashi Inna ta koma ɗakin yara, ka san abin da ke ƙarƙashin ɗakinta?"

Ya fara cewa ai ya sa katako. Ya fara cewa ai Dogo ne. Ya fara cewa da baƙi sun tafi. Ko ɗaya bai kai ƙarshe ba.

"Shi ke nan, na ji," in ji ta. "Da bakina na ce mata ta riƙa shiga da rana ba komai." Ta shiga ta haɗa kayan yara, suka tafi gidan iyayenta, ba ta sake dawowa ba.

Ya 'yan uwa, me ya kashe tsohuwar nan? Wani zai ce ajali. Gaskiya ne, kowa da ranarsa. Amma ajali bai wanke wanda ya zama sanadi ba, kuma za a tambaye shi.

Ku duba girman abin da ya fara da shi. Bawul ne da bai fi yatsa ba, ya rufe shi da niyyar zai dawo. Bai ce zai cuci kowa ba. Yana ganin banki ne na wata ƙasa, masu kuɗi ne da ba su san shi ba, me za su rasa? Alhali amanar ba ta banki ba ce. Ta matar da ke ɗaukar ruwa a ka ce, ta mutanen kan tudu ce, ta Allah ce da yake gani ko an binne abu a ƙarƙashin ƙasa.

Kai da ke da na ƙasa da kai a wurin aiki, ka sani suna karatu a jikinka ko ba ka buɗe baki ba. Ha'incin da ka koya wa yaron shagonka, ko direbanka, ko ɗanka, ba ka da ikon gaya masa ya tsallake ƙofar gidanka. Zai yi maka shi ne yana ganin hidima yake maka.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan kuwa shi ne Allah bai kama mutumin nan ba zato ba. An nuna masa danshi, an nuna masa tsagu, an gaya masa gaskiya ƙarara a bayan tarin bututai, mahaifiyarsa ta tambaye shi da bakinta, baƙo ma ya tambaye shi a gaban jama'a. Sau nawa aka buɗe masa ƙofa? Kowane karo yana auna kunyar mutane da tuba, sai kunyar ta rinjaya. Zunubi ya ruɗa masa kai har ya kasa bambance abin da zai rasa in ya yi magana da abin da zai rasa in ya yi shiru.

Akwai mai irin wannan danshin a gindin bangonsa cikinmu yau. Ya san kansa, ba sai na nuna shi ba. Ka je ka faɗa, ka mayar, ka gyara, tun abin da za ka rasa bai wuce mutuncinka a idon mutane ba.

Allah ya ji ƙan tsohuwar nan, ya karɓi alwalar da ta fara. Allah ya ba mu ikon riƙe amana a inda ba mai ganinmu, ya ba mu ƙarfin halin faɗar gaskiya tun tana da amfani. Allah kada ya sa laifinmu ya faɗa kan iyayenmu da 'ya'yanmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye gidajenmu. Amin.